Kwamfuta Lafiyarta Ƙalau, An Ce Ta Tsufa

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Kowa ya wayi gari ya kunna tasa, ta tashi kamar kullum. Abin da ya canza shi ne, daga ranar duk ɓarakar da masu kutse suka gano a cikin manhajar za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda a lokacin aka ce ga masu amfanin gida 13 ga Oktoban 2026 ce iyakarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya tuna WannaCry, cutar kwamfutar da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, ya san illar barin kwamfuta ba a toshe ɓarakarta ba.

Mafitar da kamfanin ya nuna wa jama'a ita ce su hau Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021. To amma hawan yana da sharaɗi. Dole kwamfutar ta kasance tana da TPM 2.0, wato 'yar na'urar da ke adana makullan sirri, kuma dole furosesarta ta kasance daga zubi na takwas na Intel zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko takwaransa na AMD. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta tun a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sharaɗi.

Mu a nan mun san inda irin waɗannan kwamfutoci suke ƙarewa. Ka zaga shagunan Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, ka dubi abin da aka jera a kan kanta: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460. Dukkansu zubi na shida ne. Ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sallame, suka iso mana a matsayin gwanjo. Su ne ɗalibin jami'a yake tara kuɗi ya saya don rubuta furojet, su ne malamin makaranta yake haɗa sakamakon jarrabawa da su. Jikinsu mai ƙarfi ne, ana ƙara musu RAM, ana canza musu batir, kuma za su iya wasu shekarun suna aiki. A lissafin Windows 11 kuwa sun riga sun fita daga layi. Wanda ya sayi ɗaya jiya da guminsa, abin da aka yanke wa hukunci tun kafin ya shigo ƙasar ya saya.

Ba zan hana Microsoft hujjarsa ba. Tsaro gaskiya ne, TPM tana da amfani, kuma babu kamfanin da zai dawwama yana kula da tsohuwar manhaja har abada. Shekara goma ba kaɗan ba ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaure tsaron mutum da sayen sabuwar kwamfuta alhali ta hannunsa tana aiki. Ga mai albashi da dala wannan ɗan ɓacin rai ne. Ga wanda ke lissafi da naira, kuɗin makarantar yara ne na zango guda ko fiye.

Waɗanda suka samu hawa Windows 11 ɗin ma ba su daina ƙorafi ba, kuma ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ka sayi sabuwar kwamfuta, kafin ta bar ka ka ga fuskarta sai ta nemi intanet da asusun Microsoft, kuma a 2025 kamfanin ya shiga toshe hanyoyin da mutane suke bi su tsallake wannan mataki. A 2024 aka fara cusa tallan manhajoji a cikin jerin Start. A Janairun shekarar aka ƙara maɓalli na musamman a kan allon rubutu don Copilot, mataimakin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin. A Mayu kuma aka sanar da Recall, wadda ke ɗaukar hoton abin da ke kan allonka kowane 'yan daƙiƙoƙi tana adanawa don ka iya bincikawa daga baya. Masana tsaro suka yi ca a kanta, har sai da aka ɗage fitowarta, aka mayar da ita sai wanda ya ga dama ya kunna. Sannan ga sabuntawar da ke saukowa da kanta. Akwai wurin da za ka shaida wa kwamfuta cewa datarka a ƙidaye take, amma mutum nawa ne suka san da shi kafin datar wata ta ƙare a kwana biyu?

Idan ka tattara waɗannan ƙorafe-ƙorafe za ka ga tushensu ɗaya: mutum yana jin an ƙwace masa iko da abin da ya mallaka. Tamkar ka sayi gida ka biya lakadan, amma wanda ya sayar maka ya riƙe makulli ɗaya, yana shigowa lokacin da ya ga dama ya sauya wa kujeru wuri, ya liƙa tallarsa a bangon falo. Wannan fushi yana da hujja, kuma ina tare da masu yin sa.

Sai dai fushi ba ya nuna hanya. Hanyar da aka fi bi a kasuwanninmu ita ce a kai wa injiniya kwamfuta a ce, "Injiniya, a ɗora min ilebin." Shi kuma ya ɗauko filashi, ya tsallake sharaɗin TPM da furosesa, cikin awa ɗaya ya miƙo ta da sabuwar fuska. Tana aiki, gaskiya ne. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 ta haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Mafi muni kuma, sau da yawa kwafin da ake ɗorawa ba mai lasisi ba ne, daga wani shafin da ba a san mai shi ba aka sauko da shi. A kan wannan kwamfutar ce mutum zai buɗe asusun bankinsa.

Wasu sukan ce a koma Apple. Kwamfutocin Mac suna da inganci, musamman tun da kamfanin ya fara ƙera furosesarsa ta M1 a 2020, kuma batirinsu yana daɗewa, abin da ba ƙaramin alheri ba ne a inda wuta ba ta zama. To amma wanda ya bar Windows don neman iko da kwamfutarsa ya koma can, gudun gara ya yi ya tadda zago. Lasisin macOS bai yarda a ɗora ta a kan wata kwamfuta ba sai ta Apple. RAM ɗin sababbin a manne yake, abin da ka saya da shi za ka zauna. A Yunin 2025 kuma kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga masu furosesar Intel, alhali har 2023 yana sayar da irinsu. Ga tsada kuma, wadda ita kaɗai ta isa ta rufe maganar ga yawancinmu.

Saura Linux, kuma a nan zuciyata ta fi karkata. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, kuma har yau kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka gina ta. Duk mai wayar Android yana riƙe da ita a aljihu, domin a kanta aka gina Android. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk ita suke amfani da ita tun 2017. Ga kwamfutar gida akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da abin da mai Windows ya saba. Mint 22 tana tashi da RAM na gigabait 2, ta fi walwala da 4, kuma za a ci gaba da kula da tsaronta har 2029. Ba ta neman asusu, ba ta talla, ba ta sabunta kanta sai ka ce ta yi. Kana iya gwada ta daga filashi ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutarka ba. ThinkPad ɗin nan da aka ce ta tsufa, a kan Mint garau take.

Duk da haka, a ƙididdigar StatCounter kason Linux a kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka bai wuce kimanin kashi 4 cikin ɗari ba a 2024, Windows kuwa tana da sama da kashi 70. Masoyan Linux sukan ɗora laifin a kan jahilci ko lalacin mutane. Wannan rashin adalci ne, kuma yana kore waɗanda ake son jawowa.

Ka shiga shagon buga takardu kusa da kowace babbar makaranta. Yarinyar da ke kan kwamfuta tana da mutum biyar a tsaye a kanta. Wannan ya zo da katin biki a filashi, a CorelDRAW aka zana shi. Wancan ya zo da furojet mai shafi tamanin a Word, malaminsa ya ƙayyade tazarar layi da girman gefe, gobe za a miƙa. Babu CorelDRAW na zamani a Linux, babu Photoshop, babu AutoCAD, babu Word irin wanda ake ɗorawa a kwamfuta. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da LibreOffice, kuma suna da kyau. Amma fayil ɗin da aka yi a can ba kullum yake buɗewa daidai a nan ba: teburi ya goce, shafi tamanin ya koma tamanin da uku, rubutun katin ya sauya kama. Wa zai biya takardar da ta lalace? Idan firinta ta ƙi, wane injiniya ne a layin zai duba ta? Yarinyar nan abincinta take karewa, kuma tana da gaskiya. Abin da ya ɗaure ta shi ne fayilolin abokan cinikinta da rashin mai taimako a kusa.

An gwada wannan hijira a Jamus, kuma akwai darasi a ciki. Birnin Munich ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kwashe kwamfutoci kusan 15,000 cikin shekara goma, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Siyasa ta taka rawa, haka ma ƙorafi kan musayar takardu da sauran hukumomin da ba su yi hijirar ba. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ɗauki nata matakin da kwamfutoci kimanin 30,000, amma ta bi abin daki-daki. Ta fara da manhajar rubutu, ta mayar da ma'aikata LibreOffice, ta bi da imel, ta bar sauya Windows ɗin kanta a ƙarshe.

Wannan tsari nake ganin ya dace da mu, daga mutum ɗaya har hukuma. Wanda ke son 'yanci ya fara da ɗora LibreOffice da Inkscape a kan Windows ɗin da yake da ita, domin suna aiki a can, ya yi wata biyu ko uku yana gwadawa da aikinsa na gaske. Idan ya ga aikin yana tafiya, sauya babbar manhajar ba zai yi masa wuya ba. Idan aikinsa ya dogara da CorelDRAW ko AutoCAD, ya zauna a Windows ba tare da jin kunya ba, amma ya nemi mai lasisi wadda ke samun gyaran tsaro. Wanda kuwa buƙatarsa ba ta wuce intanet da rubutu da kallon darasi ba, kuma su ne mafi yawa, babu dalilin da zai sa ya jefar da kwamfuta mai lafiya ko ya zauna a kan manhajar da aka daina kula da ita.

Nauyi mafi girma yana kan ɓangarori huɗu. Mai sayar da gwanjo ya ji tsoron Allah ya gaya wa mai saye gaskiya: "Alhaji, wannan zubi na shida ce, Windows 11 ba ta karɓe ta ba." Injiniya ya koyi ɗora Linux da gyara ta kamar yadda ya koyi fomatin, domin ranar da aka samu mai gyara a kowane layi, tsoron mutane zai ragu, shi kuma ya samu sabuwar hanyar abinci. Makarantu da cibiyoyin koyar da kwamfuta su daina koyar da sunan manhaja ɗaya kamar ita ce kwamfutar. A koya wa yaro tsara takarda da lissafi a jadawali ta yadda zai iya yi a Word ya iya yi a LibreOffice. Jami'o'i da ma'aikatu kuma su riƙa karɓar takardu a PDF ko ODF, tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, maimakon tilasta wa ɗalibi mallakar kayan kamfani guda.

Kamfanonin nan za su ci gaba da yanke hukunci daidai da ribarsu, kuma ba da aljihunmu suke lissafi ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage yawan abin da hukuncinsu zai iya karya mana. Duk makarantar da ke da ɗakin kwamfuta cike da tsofaffin na'urori ta ware biyar a wannan zangon, ta ɗora musu Mint, ta bar ɗalibai su yi aikinsu a kai, sannan ta tambaye su abin da ya yiwu da abin da ya gagara.