Tsokaci a Kan Mas'alar Ƙayyade Farashi a Littafin al-Hisba na Ibnu Taimiyya

Gabatarwa

Duk lokacin da tsadar kaya ta tsananta, akan ji ra'ayi biyu a tsakanin ɗaliban ilimi. Wasu su ce wajibi ne hukuma ta tilasta wa 'yan kasuwa sauke farashi, wasu kuma su ce haramun ne ta sa hannu a kasuwa ko ta wace fuska. Kowane ɓangare yana da nassin da yake riƙe da shi, kuma sau da yawa dukkansu sukan jingina da littafi ɗaya, wato al-Hisba fil Islam na Shaihul Islam Ahmad ibnu Taimiyya (661-728H). Wannan maƙala za ta duba yadda marubucin ya gina hujjarsa a mas'alar tas'iri, ta bayyana inda ya yi fice, sannan ta nuna wurare uku da maganarsa take buƙatar ciko kafin a ɗora ta a kan kasuwannin wannan zamani.

Tushen saɓanin

Asalin mas'alar shi ne hadisin Anas ibnu Malik (RA) wanda Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. Kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka musu farashi, sai ya ƙi, ya jingina hawa da saukar farashi ga Allah, ya kuma bayyana fatansa na haɗuwa da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. A kan zahirin wannan hadisi mafi yawan Shafi'awa da Hanbalawa suka tsaya, kuma Shaukani ya ƙarfafa hanin a Nailul Auɗar. Hanafawa, kamar yadda yake a al-Hidaya, sun halatta wa shugaba ya sa baki idan masu abinci suka ƙetare haddi ƙwarai, bayan ya shawarci masu basira. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa akwai ruwayar Ashhab daga Imamu Malik, wadda ta halatta a yanka wa mahauta farashi gwargwadon yadda suka sayo dabba, tare da fargabar kada su ƙaurace wa kasuwa.

Inda littafin ya yi fice

Babbar gudummawar Ibnu Taimiyya ita ce ya tambayi illar hukuncin. Ya lura cewa abincin Madina galibi fatake ne suke shigo da shi, mutane su sayi ƙwaya su niƙa su gasa a gidajensu, babu wani rukuni da ya riƙe sana'ar gari ko burodi har jama'a suka dogara da shi. Tsadar da ta faru a irin wannan kasuwa daga ƙarancin kaya ko yawan masu nema take, kuma tilasta wa ɗan kasuwa a wannan hali zalunci ne. Daga nan ya kasa tas'iri gida biyu: na zalunci wanda yake haramun, da na adalci wanda yake halal, wani lokaci ma wajibi.

Wuraren da ya ambata sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko mai ɓoye kaya alhali mutane suna cikin buƙata, wanda hadisin Ma'amar ibnu Abdillahi a Sahihu Muslim ya tabbatar da laifinsa. Na biyu rukunin da aka keɓe wa sayar da wani kaya aka hana kowa shiga, kuma a nan ya ce ƙayyade farashi wajibi ne, domin wanda aka kawar masa da abokin gasa ba a bar masa ya yanka yadda ya so. Na uku masu haɗa baki, ko masu sayarwa ne ko masu saye, inda ya kafa hujja da yadda Hanafawa suka hana masu sana'ar raba gidaje da filaye su yi tarayya don kada su tsawwala lada. Ya ƙara da dalili mai ƙarfi daga hadisin Ibnu Umar (RA) da ke Bukhari da Muslim, game da wanda ya 'yanta kasonsa a bawan da suka yi tarayya: Shari'a ta sa a yi wa bawan ƙima ta adalci a biya abokin tarayya, ba a bar shi ya faɗi abin da ransa ya so ba. Idan an yi haka don cika 'yancin mutum ɗaya, buƙatar al'umma ga abinci da tufafi ta fi cancanta.

Wannan rabe-rabe ya wuce batun hatsi. Ya sanya ma'aunin hukunci ya zama yanayin kasuwar: shin ƙofa a buɗe take ga mai son shiga, ko a rufe? Matsayar Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta bi wannan hanya, inda ta ce Shari'a ba ta iyakance riba da wani kaso ba, kuma shugaba ba ya shiga sai an ga ɓaraka bayyananniya da aka ƙirƙira da gangan.

Giɓi na farko: ina za a samo ƙimar misli?

Maganin da Ibnu Taimiyya yake komawa gare shi a kowane wuri shi ne a tilasta sayarwa da ƙimar misli, wato farashin da irin kayan yake da shi a al'ada. Wannan yana da sauƙi idan buhun gero ne, domin akwai farashin Dawanau da na sauran kasuwanni da za a gwada da su. Amma a wurin da ya ce ƙayyadewa ta fi wajaba, wato inda mai sayarwa ɗaya ne, a nan ne misli yake ɓacewa. A 2013 aka fara miƙa rarraba wutar lantarki a Najeriya ga kamfanoni 11, kowanne da yankinsa. Da hukumar kula da wutar ta ɗaga kuɗin rukunin da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, babu wata kasuwar gefe da mai fatawa zai leƙa ya ce ga misli.

Cikon wannan giɓi yana cikin abin da shi kansa ya naƙalto daga al-Baji a al-Muntaƙa, daga Ibnu Habib: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar kayan, ya kawo wasu daga waje don a tantance gaskiyarsu, ya tambayi yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan a daidaita a kan abin da zai bar musu riba bai cutar da jama'a ba. Wannan hanya ta dogara ne da sanin kuɗin da aka kashe. Ibnu Taimiyya ya kawo ta a matsayin naƙali, alhali ita ce ta cancanci zama ginshiƙin babin.

Giɓi na biyu: halin mai ƙayyadewa

Littafin ya yi dogon bayani a kan zaluncin ɗan kasuwa, amma a wannan babi ya ƙaddara cewa mai hisba masani ne kuma adali. Ibnu Ƙudama (ya rasu 620H) ya riga ya yi gargaɗi a al-Mugni cewa ƙayyade farashi kan jawo tsadar da ake gudu: fatake su ƙi kawo kaya garin da za a tilasta musu, masu kaya su ɓoye, mabuƙata su ƙara kuɗi don su samu. Wanda ya ga layukan kayan masarufi na 1984, ko dogayen layukan man fetur da fasa-ƙwaurinsa zuwa ƙasashen maƙwabta kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya san wannan gargaɗi ba hasashe ba ne. Halaccin tas'iri a ƙa'ida bai isa hujja a kan kowace ƙayyadewa ba. Sai an tabbatar da dalilin tsadar, domin idan faɗuwar darajar kuɗi ko rashin tsaro a gonaki ne ya haifar da ita, kama ɗan tireda dukan jaki ne a bar taiki.

Giɓi na uku: karya farashi

Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar (RA) ya wuce Haɗib ibnu Abi Balta'a yana sayar da zabibi, ya umarce shi ya ƙara farashi ko ya tashi daga kasuwa. Imamu Shafi'i ya ruwaito cewa Umar ya koma daga baya ya sanar da shi cewa maganar ba hukunci ba ce. Ibnu Taimiyya ya kawo ruwayoyin da saɓanin malamai a kansu, amma hankalinsa ya fi karkata ga mai tsawwalawa. A yau babban kamfani kan iya sayarwa ƙasa da abin da ya kashe har ƙanana su mutu, sannan ya ɗaga farashi yadda ya so. Wajibi ne a bambanta wannan da mai rangwame don neman lada ko don ƙwarewarsa ta rage masa kashe kuɗi. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa ta isa ta ɗauki wannan bambanci, amma aikin fitar da sharuɗɗansa yana jiran malamanmu.

Kammalawa

Wanda ya ɗauki al-Hisba a matsayin lasisin hukuma ta yanka farashin komai bai yi wa marubucin adalci ba, haka ma wanda ya tsaya a kan zahirin hadisin Anas ya kau da kai daga masu haɗa baki da masu riƙe kasuwa su kaɗai. Abin da littafin ya koyar shi ne a binciki kasuwar kafin a yi hukunci. Saboda haka mai fatawa a kan farashin siminti ko kuɗin kiran waya ko na wuta yana buƙatar sanin adadin masu sayarwa, da abin da ya hana wasu shiga, da kuɗin da ake kashewa, kamar yadda yake buƙatar sanin ingancin isnadi. Ya kamata sassan Shari'a a jami'o'inmu su riƙa karantar da wannan babi tare da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, domin ɗalibi ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Allah ne Mafi sani.