Digirin Wasan Kwaikwayo a Idon Ɗalibin Ƙasar Katagum

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba yadda ake koyar da wasan kwaikwayo a matakin digirin farko a jami'o'inmu, tare da auna shi da abin da ɗalibi ɗan ƙasar Katagum yake zuwa da shi daga gida. Mun zaɓi Azare da kewayenta ne don nan muka fi sani, kuma muna kyautata zaton abin da za mu faɗa zai dace da wasu garuruwan ƙasar Hausa masu nisa da manyan dandamali.

Matsala ta farko tana cikin sunan kansa. Bahaushe ya raba duniya gida biyu, akwai aiki, akwai wasa. Saurayin da ya shaida wa mahaifinsa cewa zai tafi Zariya ko Kano ko Jos ya yi shekara huɗu yana karatun "wasa" ya san irin kallon da za a yi masa, musamman a gari irin Azare inda aka fi sabawa da karatun malanta, albarkacin kwalejin horon malamai da ke garin tun shekarun 1970, ga kuma jami'ar jiha a Gadau da ta kiwon lafiya da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021. Ba mu ga laifin iyaye ba. Sun ga yadda aka yi ca a kan shirin gina ƙauyen fim a Kano a 2016 har gwamnati ta janye, kuma ba wanda yake so ɗansa ya ɗauki sana'ar da sai ya yi ta kare kansa a kanta. Wannan hujja ce da jami'a ya kamata ta amsa da aiki, amma ba ita ce babbar damuwarmu a nan ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda aka raba wasan kwaikwayon Hausa tsakanin sassa biyu, kowanne ya riƙe rabi. Sashen Hausa yana da harshen da littattafan, amma ba ya hawa dandamali. Sashen wasan kwaikwayo yana da dandamalin da fitilu da horon jiki da murya, amma harshen karatunsa Ingilishi ne, kuma galibi ba a shigarsa sai da sakamako mai kyau a adabin Ingilishi. Ɗalibin da ya fito daga sakandare a Azare ko Gamawa ko Shira da ƙwarewa a Hausa, sai ya tarar ƙofar da aka buɗe masa ita ce wadda ba a yin wasan a cikinta.

Mu fara da namu gidan, tun da kowa ya fi sanin inda rufinsa yake yoyo. A Sashen Hausa muna karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ma'aunin da muke ɗora su a kai shi ne jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, sai kuma 'yan wasa. Ma'auni ne mai amfani, amma kusan shi ne dai wanda muke auna ƙagaggen labari da shi, ba tare da an ƙara masa komai ba. Sakamakon haka ɗalibi yakan kammala digiri yana iya rubuta shafi biyar a kan jigon Jatau Na Kyallu, wato illar auren karuwa da yadda Kyallu ta tsiyata Malam Jatau, alhali bai taɓa jin muryar Kyallu a bakin mutum ba. Hasali ma wasannin Maƙarfi a rediyo aka fara jin su kafin a buga su a littafi wajen 1959 da 1960. Don kunne aka tsara su. Doguwar maganar da mai karatu yake ganin ta yi yawa a takarda, da gatse da habaici da karin maganar da suka cika bakin matan wasan, duk suna samun ma'anarsu ne idan aka furta su da karin sauti da jan numfashi. Manazarcin da ya yi wa Maƙarfi hukuncin yawan surutu daga karatun zuci kawai ya yi shari'a ba tare da sauraren mai ƙara ba. Haka nan rigimar Hayatu da Halima a Uwar Gulma: ko mai kallo zai tausaya wa Halima ko zai ga wautarta, wannan ya danganta da yadda 'yar wasa ta tsaya, da inda ta yi shiru, abin da alƙalamin jarrabawa ba ya kamawa.

Ɗaya gidan kuma yana da tarihin da ya cancanci yabo kafin suka. Karatun wasan kwaikwayo a jami'a ya fara ne a Ibadan a farkon shekarun 1960. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ɓangaren a 1975 a ƙarƙashin Sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton. Gidan wasan da aka gina a Samaru a wancan lokaci da jar ƙasa aka yi shi, bisa fasalin gidan Bahaushe mai zauruka da tsakar gida, kuma wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara shi. Daga nan ne malamai da ɗalibai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita ƙauyuka, aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka kuma yi aiki a Maska da Bomo, inda ake sauraren matsalolin manoma a mayar da su wasa cikin Hausa, a nuna a dandalin gari. A ganinmu wannan shi ne lokacin da karatun jami'a ya fi kusantar Bahaushen karkara. Sai dai Hausa a can harshen fita aiki ce. Idan aka dawo aji, tarihin wasa yakan faro daga Girka da Aristotle, ya biyo ta Shakespeare da Brecht, ya sauka a kan Wole Soyinka, sannan wasannin gargajiya su samu ɗan gurbi a matsayin share fage.

To, me ɗalibin Katagum ya zo da shi? Ya zo da tashe. Tun yana yaro, da azumi ya kai kwana goma, ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya ɗauki sanda ya ranƙwafa ya zama Tsoho da Gemu, ko ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani. Idan aka dubi wannan da idon nazari, ba abin da ya rage: akwai shiga, akwai jagora da 'yan amshi, akwai dandamali wato ƙofar gida ko zaure, akwai 'yan kallo da suke biya da hatsi ko kuɗi, kuma 'yan wasa sukan tsawaita ko su taƙaita bisa ga fuskar masu gida. Har suka akwai, domin malami da mai kuɗi da gwauro duk ba su tsira ba. Ya kuma ga 'yan kama suna kwaikwayon karatun malamai suna juya shi zuwa zancen tuwo da miya, ya ga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katagum, inda kowane hakimi ya san gurbinsa da lokacin fitowarsa, ya ga sharo a wajen Fulanin ƙasar. Yaron da ya taso cikin wannan ba baƙo ba ne ga abin da Brecht yake nema na ɗan wasa ya nuna hali ba tare da ya ɓace cikinsa ba, don mai gemun auduga bai taɓa yaudarar kowa cewa shi tsoho ne ba. Abin takaici, sai a koya masa sunan dabarar da Jamusanci, a bar shi bai gane cewa ya yi ta da ƙafarsa a unguwarsu ba.

Ba muna cewa ba a yi rubutu a kan waɗannan ba. Ziky Kofoworola da Yusef Lateef sun fitar da littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987, Ibrahim Yaro Yahaya ya ba da tarihin rubutaccen wasa a Hausa A Rubuce a 1988, kundayen digiri kuwa a kan tashe da wasan gauta da kalankuwa sun cika kantoci. Amma yawancinsu bayani ne da rabe-rabe: sunan wasa, lokacinsa, kayan yinsa, amfaninsa ga al'umma. Da wuya a sami wanda ya tambayi yadda za a gina sabon wasa na awa guda a kan tsarin jagora da amshi, ko yadda wasan da yake yawo gida-gida zai sauya ma'anar dandamali.

A nan ya kamata mu tuna cewa lardin Bauchi yana da nasa gado. Malam Aminu Kano ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi a shekarun 1940, ya kuma yi amfani da wasan kwaikwayo wajen fallasa zalunci da cuta, da Hausa, da ɗalibai a matsayin 'yan wasa. Galibin wasanninsa ba a buga su ba, shi ya sa manhajar da ta dogara ga bugaggen littafi kaɗai takan wuce su da ambaton suna.

Shawararmu ba ta bukatar sabon gini ko kuɗi masu yawa. Kowane kwas na rubutaccen wasa a Sashen Hausa ya ƙunshi nuna fitowa ɗaya aƙalla a gaban jama'a, a kuma ba ta maki daidai da na rubutu. Inda sassan biyu suke a jami'a guda, kamar Zariya da Kano, a bar ɗalibi ya ɗauki kwas a nan da can, a kuma yarda ya gabatar da wasansa na kammalawa da Hausa. Ɗalibin da ya tafi hutun azumi Azare kuwa, a ɗora masa aikin bin 'yan tashen unguwa ɗaya dare uku a jere, ya rubuto abin da suka sauya daga wannan gida zuwa wancan, da dalilin da ya sa suka sauya.