Waƙa da Soyayya a Fim ɗin Gravitation: Tsokaci

Gravitation fim ne na zane mai motsi, kashi 13, da aka nuna a talabijin na Japan daga 2000 zuwa 2001, an kuma ciro shi daga littattafan zane na Maki Murakami. Jigonsa soyayya ce tsakanin maza biyu: Shuichi, matashin mawaƙi, da Yuki, marubucin ƙagaggun labarai.

Armashin fim ɗin yana ga waƙoƙinsa, domin su ne suke faɗin abin da baki ya kasa furtawa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bakanon da ya kalli finafinan Indiya a silimar Plaza ta Fagge, ko El Dorado ta Sabon Gari. Rauninsa kuwa shi ne, Yuki yakan wulaƙanta Shuichi, labarin kuma ya mayar da wulaƙancin shaidar ƙauna.

Wajibi ne manazarci ya lura cewa mace ce ta tsara labarin, kuma mata ne akasarin masu karanta irinsa. Saboda haka ba madubin rayuwar mazan Japan ba ne, kamar yadda daudancin da marigayi Rabilu Musa Ibro ya kwaikwaya a fim bai zama madubin 'yan daudun Kano ba, waɗanda Rudolf Gaudio ya nazarta a littafinsa na 2009.