Mata Masu Farar Riga: Sharhi A Kan Wani Fim

Wannan karon za mu duba wani fim na tarihi da wata Ba'amurkiya, Gini Reticker, ta shirya a 2008, mai suna Pray the Devil Back to Hell, wato a kori Shaiɗan da addu'a. Labarin matan Laberiya ne, yadda suka miƙe a 2003 suka ce yaƙi ya isa haka nan.

Haƙiƙa fim ɗin ya yi abin a yaba. Masu karatun siyasa da sasanta rikici sun saba lissafa sunayen janar-janar da shugabanni, mace kuwa sai dai a nuno ta da goyo tana kuka a sansanin gudun hijira. A nan an bar mata sun yi magana da bakinsu. Ga Leymah Gbowee Kirista, ga Asatu Bah Kenneth Musulma kuma 'yar sanda, sun haɗa kan mata, kowacce da farar riga, suna zaman dirshan kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, ko rana ko ruwa, har Shugaba Charles Taylor ya saurare su. Da aka tafi taron sulhu a Accra ta ƙasar Gana, maza suka share makonni ana ta jan ƙafa, sai matan suka tare ƙofar zauren, ba mai fita sai an daidaita. Mai shiga tsakanin ma namu ne, Janar Abdulsalami Abubakar. Ran 18 ga Agusta 2003 aka sa hannu.

To amma 'yar uwa, ga inda gizo ke saƙar. Fim ɗin bai tsaya sosai a kan abin da ya haddasa yaƙin ba. Tun 1847 jikokin bayin da aka 'yanta daga Amurka, 'yan tsiraru, suka riƙe mulki suka danne 'yan ƙasa har 1980. A shekarar Samuel Doe ya yi juyin mulki, shi ma ya fifita ƙabilarsa. Wannan gyambon ne Taylor ya fama a 1989, katako da lu'ulu'u suka riƙa sayo masa bindigogi. Wadda ba ta san wannan ba za ta ɗauka mugun mutum ɗaya ne matsalar, da ya tafi shi ke nan.

Na biyu, mai kallo zai iya zaton matan kaɗai suka kawo ƙarshen abin. Alhali 'yan tawaye sun matsa wa Monrobiya da luguden wuta, kotun musamman ta Saliyo tana neman Taylor, sojojin Nijeriya sun sauka, shi kuma ya bar Laberiya ran 11 ga Agusta ya tsallako Kalaba. Faɗin haka ba ya rage wa matan daraja, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka ki nemi fim ɗin ki kalla, ki kira maƙwabciyarki ko da ba addininku ɗaya ba. In kun gama, ku tambayi kanku wa aka danne a garinku, tun yaushe, kuma wa ke cin riba in an yi faɗa. Domin ranar da rikici ya ɓarke, 'ya'yanmu ake miƙa wa makami, mu ake bari da takaba.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.