Taswirar da na'ura ta zana maka ba taka ba ce

Ɗaliban kolej da lise a nan Madarunfa sun samu sabuwar hanyar bita. Yaro ya ɗauki hoton darasi daga kaye, ya tura wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, kafin ya ajiye wayar ta fito masa da taswirar tunani: maudu'i a tsakiya, rassa sun bazu hagu da dama. Salon ba sabo ba ne, Tony Buzan ɗan Ingila ya yaɗa shi tun 1974. Abin da ya sauya tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 shi ne yanzu ba sai ka zana da hannunka ba. Manhajar XMind na yi, NotebookLM na Google ma ya fara a 2025.

Ba zan ɓoye amfaninsa ba. Yaron da ke magana da Hausa a gida, yana karatu da Faransanci, ga jarrabawar BEPC ta ƙarato, in aka warware masa shafi goma na darasin tarihi ya ga kai da gindinsa, an taimake shi ƙwarai. Malamin da aji ya cika masa maƙil shi ma ya samu sauƙin tsara darasi. Wajen tsara abin da aka riga aka rubuta, na'urar gwana ce.

Damuwata tana farawa ne inda rubutu ya ƙare. Ka nemi taswira a kan tafkin Madarunfa. Za ka ga kamun kifi, noman rani, yawon buɗe ido, sauyin yanayi. Duk gaskiya ne, amma goge sunan ka sa na wani tafki, ba reshen da zai motsa. Dalili a fili yake: na'urar tana harhaɗa kalmomi ne daga abin da aka fi rubutawa a duniya, mu kuwa abin da aka rubuta a kanmu kaɗan ne, yawancinsa rahotannin Faransanci. Kuma ba ta iya barin reshe fanko. In ba ta sani ba sai ta cike, da irin tsabtar da take cike wanda ta sani, yaro kuwa ba shi da yadda zai bambance.

Masunci a bakin tafki ya san abin da wannan zane ba ya ɗauka. Ya san ruwan yana da nasaba da Gulbin Gabi da Gulbin Maradi, shi kuma Gulbin Maradi daga Najeriya ya fito, inda dam ɗin Jibiya yake a kansa a jihar Katsina. Ya san yashin da ke cike tafkin yana da alaƙa da itatuwan da ake sarewa a daji. Ya san makiyayi da mai lambu da mai koma duk ruwa ɗaya suke dubawa, kuma kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayen tafkin suna cikin abin da ya sa mutane ke girmama wurin. Waɗannan abubuwa a sarƙe suke, kowane yana jan ɗan'uwansa, alhali na'urar ta fi son ta ware kowa a reshensa.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne wannan: amfanin taswirar yana cikin wahalar zana ta. Lokacin da yaro ke kokawa da wace magana ce uwa, wace ce ƴa, yana gogewa yana sakewa, a nan darasin ke zama a kansa. Wanda aka miƙa wa zanannen abu ya tsallake wurin da ake koyo, kuma ranar jarrabawa ba a shiga da waya.

Malamai, kada ku hana ɗalibai amfani da na'urar, hanin ba zai yi tasiri ba. Ku sa yaro ya fara zana tasa a kaye da bik, sannan ya tambayi na'ura, ya kawo biyun aji ya nuna inda ta fi shi da inda ta yi ƙarya. In maganar garinmu ce, ku tura shi wajen masunta da dattawa kafin ya taɓa waya.