Gwanin Taswira: Ƙafa, Kunne da Wayar Hannu

Tauraron ɗan'adam yana hango rufin kowane gida daga Bazaga har Birnin Ƙonni, amma bai san wace rumfa ce maƙera ba, bai kuma san rijiyar da aka kafa gari a bakinta ba. Wannan sani yana bakin mutane. Gwanin taswirar zamani shi ne wanda ya iya karɓo shi ya ɗora a waya ba tare da ya gurɓata shi ba.

Da sallama aikin yake farawa. Gwani kan je ƙofar maigari, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wuraren tarihi muka zo rubutawa," a haɗa shi da dattijon da ya san gari. In sun isa wuri, sai ya fito fili nesa da katanga, ya ɗaga waya ya jira, domin GPS tana buƙatar taurari aƙalla 4 kafin ta nuna inda mutum yake tsaye. Mai gaggawa kan jefa masallaci cikin gonar wani. Gwani sai kuskuren GPS ya sauko zuwa 'yan mitoci yake adanawa. Sannan ya ɗauki hoto, ya naɗi muryar dattijo, ya cika bayanai a manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet.

A kan kwamfuta, rijiya takan zama ɗigo, burtali ya zama layi, filin kokawa kuma a zana iyakarsa. Ana ɗora su a OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa. Da manhajar uMap kuma ana jera su hawa-hawa: masallatai daban, sana'o'i daban, tarihi daban.

Taswirar wannan yanki ba za ta rasa abin faɗa ba. Taɓa Yama, ka ga masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Taɓa Dandaji, ga tsohon masallacin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar ɗakin karatu. Taɓa Ƙonni, ka karanta ta'asar da rundunar mulkin mallaka ta Voulet da Chanoine ta yi a 1899.

Babbar gwanintar kuwa ita ce sanin abin da ba a sakawa. In masu wuri suka ce kushewar kakansu ba ta kallon duniya ba ce, gwani yakan mayar da wayarsa aljihu, amana ta fi cikar taswira.

A Kano, irin wannan taswira ta taimaka wa masu rigakafin shan inna gano rugage da unguwannin da ake tsallakewa. Haka za ta yi wa al'ada. Ranar da magajin gari zai fitar da sabon titi, ya kamata ya san inda maƙera take tun kafin a kawo katafila.