Matsalar Jera Taƙaitattun Sunaye a Fihirisa

A cikin littattafan makaranta da muka duba, mun lura da wani rauni da ba a cika kula da shi ba, wato yadda ake jera taƙaitattun sunaye irin su NERDC da WAEC da MƊD a fihirisa. Sau da yawa sukan taru a farkon jeri, nesa da gurbinsu. Dalili kuwa shi ne, in ba a gindaya wa kwamfuta ƙa'ida ba, lambar harafi take bi. A tsarin Unicode manyan haruffa daga A zuwa Z suna gaban ƙanana, Ɓ da Ɗ da Ƙ kuma suna bayan z. Haka nan idan aka kaurara suna ko aka karkata shi a LaTeX, MakeIndex yakan ɗauki alamar umarnin a matsayin harafin farko.

Ɗalibin da aka koya wa cewa ƙ tana bin k, in ya ga akasin haka a littafinsa, wanne zai gaskata? Saboda haka muna ba da shawarar a ba kowane suna sigar jerawa dabam da sigar bugawa, kamar yadda alamar @ ta ba da dama a MakeIndex, sannan masanin Hausa ya tace fihirisa kafin a kai ɗab'i.